Karcen da munduwa da awarwaro ke yi wa agogon hannu: tambayoyi da amsoshi

Mai haɗa agogo da munduwa a hannu ɗaya ba ya daɗewa bai ga alamar haka a gefen agogon ba. Wani karcen ana kawar da shi da ƙyalle cikin minti biyar, wani kuma duk taɓa shi da aka yi ƙara lalata agogon ne. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan, tare da amsoshinsu.

Me ya sa munduwa ke karce agogo, alhali agogon ƙarfe ne mai ƙwari?

Ƙarfe marar tsatsa da ake yin yawancin agoguna da shi, wanda ake kira 316L, tsatsa yake jurewa, ba karce ba. A ma'aunin tauri na Vickers yana tsakanin 150 zuwa 200 ne, yayin da gilashin safaya, wato gilashi mai tsananin tauri da ake rufe fuskar wasu agoguna da shi, ya kai 2,000 ko fiye. Ƙarfen 904L da Rolex ke amfani da shi ya fi jure gishiri da gumi, amma ta fuskar karce bai fi ɗan'uwansa da wani abin kirki ba. Ƙa'idar mai sauƙi ce: abu yana karce wanda ya fi shi laushi, kuma biyu masu tauri ɗaya suna karce juna. Saboda haka awarwaron ƙarfe da jikin agogon ƙarfe kowane yana cin ɗan'uwansa.

Akwai kuma na uku da ba a cika lura da shi ba, wato ƙura. Ƙurar da ke maƙalewa tsakanin munduwa da agogo tana ɗauke da ƙananan ƙwayoyin yashi, yashi kuwa taurinsa 7 ne a ma'aunin Mohs mai hawa goma. Gumi ya riƙe ƙwayoyin, motsin hannu ya murza su. Shi ya sa har munduwar gwal ko ta azurfa, wadda ta fi ƙarfen agogo laushi, take barin hazo a gefensa. Ba gwal ɗin ne ya ci ƙarfen ba, yashin da ya ɗauko ne.

Wace irin munduwa ce ta fi ɓarna?

Mai duwatsu. Daimon taurinsa 10, shi ne ƙololuwar ma'aunin da Friedrich Mohs ya tsara a 1812, kuma yana karce komai da ke jikin agogo har da gilashin safaya mai 9. Dutsen moissanite da ake sa wa a madadin daimon shi ma ya ɗara safaya kaɗan. Aƙiƙ da sauran duwatsun dangin yashi suna kan 7, sun isa su ci ƙarfe da gilashi na yau da kullum, amma ba sa iya wa safaya. Bayan masu duwatsu sai munduwar tangistin, wani ƙarfe mai tsananin tauri, da ta seramik.

Siffa ma tana da nata rabo. Awarwaro sanƙararre, wanda ke zamewa daga tsintsiyar hannu zuwa gwiwa ya dawo, bugu yake yi, don haka yakan bar loɓawa da tsaga a bakin agogo. Sarƙa mai laushi goga take yi, sai ta bar siraran layuka masu yawa. Sau da yawa ma ba jikin munduwar ne mai laifin ba: ƙugiyar ɗaurinta, ko haƙoran da ke riƙe da dutse, ko kan ƙusar da ta ɗan fito, su ne ke yin aikin. A shafa ɗan yatsa a kewayen munduwar, duk inda ya ji kaifi nan ne tushen matsalar.

Ta yaya zan gane karcen da zan iya gyarawa a gida?

Da farko a wanke wurin da ruwa mai ɗumi da ɗan sabulu, a tsane, a duba a ƙarƙashin haske mai ƙarfi ana karkata agogon. Sannan a ja farce a hankali ya ratsa layin. Idan farcen ya wuce bai ji komai ba, karcen na sama ne kuma ana iya masa a gida. Idan ya tsaya ko ya yi tuntuɓe, ramin ya yi zurfi, kuma kawar da shi yana bukatar a rage ƙarfe mai yawa.

Kafin a yanke hukunci a gwada roba mai goge fensir, fara, mai tsabta. A kan seramik da safaya, yawancin abin da ake zato karce ne ɓurɓushin ƙarfen munduwar ne ya shafu a kai, kamar yadda alli ke barin layi a allo. Robar tana ɗauke shi, a ga wurin sumul.

Idan an goge karce, me ke faruwa da shi a zahiri?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata kowa ya fahimta kafin ya ɗauki ƙyalle. Gogewa ba ta cike ramin. Abin da take yi shi ne ta cinye ƙarfen da ke kewaye da shi har saman ya sauko daidai da ƙasan ramin. Karcen bai tafi ko'ina ba, agogon ne ya rage kauri a wurin. A kan siririn karce abin da ake cirewa bai taka kara ya karya ba. A kan mai zurfi kuwa sai an ci wuri mai faɗi, kuma a nan ne kusurwoyi masu kaifi ke zama dunƙule, lambobi da tambarin da aka zana su dushe, shimfiɗaɗɗen gefe ya koma kamar kwari mai karkatar da haske. Ƙarfen da aka cire ba ya dawowa. Duk shawarar da ke ƙasa a kan wannan ta ginu: a cire mafi ƙarancin abin da zai yi aiki, a tsaya da wuri.

Gefen agogona mai sheƙi ne kamar madubi. Yaya zan yi da siraran layukan da ke kai?

Ana bukatar ƙyallen goge ƙarfe da aka jiƙa da man gogewa tun daga masana'anta, irin Cape Cod, da ƙyalle mai laushi marar gashi, da salatif na takarda, da tsinken auduga.

A cire madaurin agogon idan ana da abin cire fil mai sifirin da ke riƙe da shi, domin aikin ya fi tsabta haka. A tabbatar an tura maɓallin saita lokaci ciki, in na murzawa ne a murza shi ya kulle. A wanke agogon da buroshi mai laushi a tsane shi sarai. Wannan wankin ba ado ba ne: ƙwayar yashi ɗaya da ta rage za ta bi ƙyallen ta zana sababbin layuka da suka fi na da muni. In agogon ba ya jure ruwa, a yi amfani da ƙyalle mai danshi kawai.

Sai a rufe da salatif duk inda ba mai sheƙi ba, da gilashi, da zoben da ke kewaye da gilashin. A yanki ɗan guntun ƙyallen gogewa kamar faɗin farcen babban yatsa, ba a bukatar fiye da haka. A goga da matsi kaɗan na daƙiƙa 20 zuwa 30, a share da busasshen ƙyalle, a duba a haske. Ƙyallen zai yi baƙi, kuma baƙin nan ƙarfen agogon ne da ya fita. A maimaita sau uku ko huɗu. Idan bayan haka layin na nan daram, to ya fi ƙarfin ƙyalle, ci gaba da gogawa rami kawai zai haƙa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne danna kan yatsa a wuri ɗaya. Tsokar yatsa mai laushi ce, tana lanƙwasawa ta bi kusurwa ta cinye ta. A naɗe ƙyallen a jikin ɗan katako mai shimfiɗaɗɗen baki, a goga tsawon gefen gaba ɗaya ba kan layin kaɗai ba. A ƙarshe a wanke sauran man, musamman a gindin maɓalli da bakin murfin baya, domin idan ya bushe a can yana taruwa kusa da zoben robar da ke hana ruwa shiga.

Injin gogewa na hannu mai juyawa da sauri, wanda ake gani a hannun masu gyara, ba na mai koyo ba ne. Cikin daƙiƙa kaɗan yake dunƙule kusurwa, zafinsa kuma yana iya lalata zoben roba.

Nawa kuma ba ya sheƙi, yana da siraran layuka da aka yi masa tun daga masana'anta. Man gogewa zai yi?

A'a, kada ma a kusantar da shi. Wannan ƙirar layuka ne da aka ja da gangan duk suna fuskantar gefe guda. Man gogewa zai share su ya bar tabo mai ƙyalli a tsakiya, wanda ya fi karcen fitowa fili. Gyaran a nan shi ne a sake ja wa wurin layuka.

Ana yi da soson Scotch-Brite ko alƙalamin gogewa mai bakin zaren gilashi. Soson kala-kala ne gwargwadon kaushi: mai ruwan toka ya fi laushi, ja mai duhu ya fi shi kaushi. A fara da mai laushin, a gwada a cikin maɗaurin sarƙa inda ido ba ya kaiwa, a ga ko layukan da yake bari sun yi kama da na asali. A rufe sassan masu sheƙi da salatif, ninki biyu in da hali. A duba inda layukan asali suka nufa, a ja soson ta wannan hanyar kaɗai, ja ɗaya miƙaƙƙe daga farko zuwa ƙarshe, a ɗaga, a dawo a sake. Ba a kai da komo, ba a zagaye. Ja 5 zuwa 10 sannan a duba. A kan maɗaurin sarƙa, wanda shimfiɗaɗɗe ne, ya fi sauƙi a ajiye soson a tebur a ja maɗaurin a kansa, ana bin bakin rula domin layin ya miƙe.

Alƙalamin zaren gilashi yana zubar da ƙananan ƙayoyi masu shiga fata. A sa safar hannu, a yi aikin a kan jiƙaƙƙiyar takarda a naɗe a yar, kada a hura da baki.

Layukan da aka ja a zagaye, irin na saman wasu zobba da murfin baya, ba sa kwaikwayuwa da hannu. Su sai an ɗora a injin juyi.

Gilashin ne ya karce. Ana gyarawa ko sai canji?

Ya danganta da irin gilashin, kuma iri uku ne.

Na roba, wanda ke kan tsofaffin agoguna da wasu sababbi masu ƙirar da, shi ne ya fi saurin karcewa kuma shi ne ya fi daɗin gyara. Ana gane shi da ɗumi a taɓi da kuma amo marar kaifi idan an ƙwanƙwasa da farce. A rufe zoben kewaye, a ɗiga Polywatch, wato man goge gilashin roba, kamar ƙwayar shinkafa ɗaya ko biyu, a goga da auduga da ɗan ƙarfi ana ratsa karcen na minti 2 zuwa 3, a share. Mai zurfi sai a fara da sanfefa jiƙaƙƙiya mai lamba 1500, sannan 2000, sannan 2500, ana sauya fuskar gogawa a kowane mataki domin a ga lokacin da layukan matakin baya suka ɓace. Gilashin zai yi fari fat kamar ya lalace, man gogewa ne zai dawo da shi garau. Tsallake mataki shi ne ke barin hazo da ba ya fita. Amma tsagewa daban take da karce: in akwai tsaga, ko ƙananan fashe-fashe a cikin naman robar, canji ne kawai.

Gilashi na yau da kullum, wanda ke kan mafi yawan agoguna masu matsakaicin daraja, taurinsa wajen 5 zuwa 6 ne a ma'aunin Mohs. Ana iya goge shi da garin siriyam oksaid da aka dama da ruwa, amma aiki ne mai cin lokaci, zafin gogawa na iya fasa shi, kuma wurin da aka ci yakan koma kamar tabarau yana karkatar da lambobi. Gaskiyar magana, canza shi ya fi hankali.

Safaya ba abin da ke cin ta sai man daimon, ana saukowa daga mai kaushi zuwa mai laushi, misali mai ƙwayoyi masu girman maikiron 3, sannan 1, sannan 0.25 (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Ko da haka siririn karce kawai ake iya dusarwa. Sai dai a lura da wani abu: wasu agoguna ana shafa wa safayarsu wani siririn rufi mai hana ƙyallin haske a waje, wanda kan ba da launin shuɗi-shuɗi idan an karkata. Rufin ya fi safayar laushi sosai, kuma sau da yawa shi ne munduwa ta karce. Ba a gyara shi a wuri ɗaya. Ko mai gyara ya cire rufin waje gaba ɗaya, ko a canza gilashin.

Duk lokacin da aka canza gilashi, a nemi a sa sabon zoben da ke riƙe shi kuma a gwada agogon a injin gwajin matsi. Ba tare da wannan ba, adadin mita da aka rubuta a bayan agogon ba abin dogaro ba ne kuma.

Man goge baki fa? An ce yana aiki.

A kan gilashin roba yana ɗan rage hazo, domin yana da ɗan kaushi. A kan safaya da gilashi na yau da kullum ba ya yin komai. A kan ƙarfe mai sheƙi yakan bar nasa hazon, sannan ya cushe a lunguna ya bushe. Soson ƙarfe na wanke tukunya da garin wanke-wanke kuwa kada a soma.

Agogona mai ruwan gwal ne. Wani kuma baƙi ne. Zan iya bin waɗannan matakan?

Ba za a bi ba. Ruwan gwal fata ce siririya a kan wani ƙarfe, kaurinta 'yan maikiron ne, maikiron ɗaya kuwa kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Ƙyallen gogewa zai cinye ta a kusurwoyi tun kafin karcen ya motsa, farin ƙarfe ko tagullar ƙasa ta bayyana. Baƙin rufi na PVD ko DLC ya fi tauri, amma idan munduwa ta huda shi har farin ƙarfe ya leƙo, babu man da zai mayar da launin. Mafita ita ce a sake rufin gaba ɗaya bayan an warware agogon, ko a canza ɓangaren, ko a haƙura. Haka zoben alminiyam mai launi da ke kewaye da gilashin agogunan ninƙaya: launin a sama yake, canza shi ake yi.

Farin gwal ma yakan zo da rufin rodiyam, don haka gogewa na iya fito da ɗan rawaya-rawaya a wurin. Gwal na gaske mai karat 18 yana goguwa cikin sauƙi, har ya fi kima, kuma abin da ƙyallen ke ɗauka gwal ne. A bar shi sai lokacin babban gyara.

Taitaniyam da seramik fa?

Taitaniyam yana da wata siririyar fata mai duhu da iska ke yi masa. Karce na sama yakan yi haske da farko, daga baya ya dushe da kansa yayin da fatar ke sake samuwa. Robar goge tawada ko alƙalamin zaren gilashi suna daidaita wurin in ƙirar mai layuka ce. Idan kuwa ƙirar mai gari-gari ce, wadda aka yi da feshin ƙananan ƙwayoyi, sai an sake feshin. Seramik da wuya ya karce, amma bugun awarwaro mai nauyi na iya ɓalle masa baki, kuma ɓallin ba ya gyaruwa.

Awarwaro ya yi wa gefen agogon rami sosai. Shi ke nan?

Akwai hanyar da ta fi gogewa: walda da hasken leza. Mai gyara yana narkar da siririyar waya ta irin ƙarfen agogon a cikin ramin har ya cika ya ɗan tasa, sannan ya daidaita shi da sauran jikin ya mayar da sheƙi ko layuka. Ta haka ana ƙara ƙarfe maimakon ragewa, siffar agogon ta tsira. Dole a fitar da injin agogon da gilashi da zobban roba kafin a fara. Ba kowane mai gyara ke da injin ba, saboda haka a tambaya tun farko wace hanya zai bi, kuma a nemi ganin aikin da ya taɓa yi, a duba kusurwoyin ko suna nan da kaifinsu.

Tun da na fara sa wata munduwa agogona ke gudu. Akwai alaƙa?

In munduwar tana da maganaɗisu, ko a maɗaurinta ko a duwatsunta, akwai. A cikin agogon da ake wanawa ko mai wana kansa da motsin hannu, akwai wani siririn sifirin da ke daidaita bugun lokaci. Idan maganaɗisu ya kama shi, zagayensa suna mannewa da juna, tsawonsa mai aiki ya ragu, agogon ya riƙa ƙara mintuna a rana. Ƙa'idar ISO 764 ta agogo mai jure maganaɗisu tana neman ya jure 4,800 A/m ne a ma'aunin ƙarfin maganaɗisu, ƙaramin maganaɗisun maɗauri da ke manne da jikin agogo kuwa na iya wuce haka. A kusantar da agogon ga kamfas: idan allurar ta juya, ya kamu. Injin cire maganaɗisu yana warware matsalar cikin daƙiƙoƙi ba tare da an buɗe agogon ba. Agogon batir mai hannaye yakan tsaya ko ya yi kuskure lokacin da yake kusa da maganaɗisun, ya dawo daidai idan an raba su, sai a sake saita shi.

Tsohon agogo ne mai daraja. In goge shi kafin in sayar?

Kada a goge. Masu tara tsofaffin agoguna sun fi son jiki mai karce da kusurwoyinsa na asali a kan wanda aka goge ya yi sumul ya dunƙule. In za a kai shi gyaran inji, a faɗa a kuma rubuta cewa ba a son a taɓa jikin, domin wurare da yawa suna haɗa gogewa cikin babban gyara ba tare da sun tambaya ba.

Ina son in ci gaba da haɗa su. Me zai rage ɓarnar?

Raba su hannu biyu shi ne kaɗai ke hana karce ɗungurungum. In dole sai hannu ɗaya, a sa wani abu mai laushi a tsakani: siririyar munduwar fata, ko ta zare, ko ta roba, wadda kaurinta ya kai ta tare bugun. Munduwar ƙarfen ta zama daidai hannu, kada ratar ta wuce ta shigar ɗan yatsa ɗaya, domin sako-sako ita ce ke samun filin yin gudu ta bugi agogo ko ta hau kan gilashi. Agogon ma a ɗaure shi ya zauna wuri ɗaya.

A lura da gefen da maɓalli yake. A hannun hagu maɓallin yana fuskantar yatsu, saboda haka munduwar da ke wannan gefen tana bugunsa, tana iya lanƙwasa sandar da ke riƙe da shi ko ta fizgo shi waje ruwa ya samu hanya. Gefen gwiwar hannu ya fi aminci. Ana kuma samun siririyar leda mai haske da ake yankawa daidai gefen agogo da maɗaurinsa a manna. Tana aiki, amma a riƙa canza ta idan bakinta ya fara ɗagawa, domin datti na taruwa a ƙarƙashi. Sau ɗaya a mako a wanke munduwar da agogon da buroshi mai laushi a fitar da yashin da ke tsakanin haɗe-haɗensu, kuma da dare kada a zuba su a akwati ɗaya suna gogar juna: kowane da jakarsa ta ƙyalle.